Takalmin Bajamushe a Kwatar Rognvik

Matan da ke zuba wa kifi gishiri ne suka fara ganinsa. Sun sauko kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa, da safe za su kama aiki, ruwa ya janye, sai ga Sjur Nesheim kwance rub da ciki a kan duwatsu, kansa a tsage tun daga ƙeya har saman kunne. Tsuntsayen teku sun riga sun taɓa fuskar. Kafin a aiko a kira ni, rabin garin ya taru.

Ni ne ɗan sandan Rognvik a lokacin, sunana Eilif, kuma kafin ranar aikina bai wuce raba faɗan mashaya ba. Hunturu na uku ne na babban yaƙi. Sjur shi ne mataimakin kyaftin na Solvind, jirgin da kusan kowane gida a garin yake da ɗan kaso a cikinsa. Jirgin na nan tsaye a kwatar, an zana masa tutar Norway ƙatuwa a haƙarƙari biyu, don masu yaƙi su hango daga nesa cewa mu 'yan ba-ruwanmu ne. Ana ta yi masa lodin gangunan kifi, zai tafi Sweden a ƙarshen mako.

Dusar ƙanƙara ta zuba jiya da daddare ta tsaya kafin asuba. A cikinta, daidai inda aka turo gawar, akwai sawun takalmi mai ƙarfe a dunduniya kamar kofaton doki. Mutum ɗaya ne a garin yake da irinsa: Hinrich, matuƙin jirgi Bajamushe da yaƙi ya rutsa da shi a wurinmu, yake aiki a shagon haɗa ganguna, yake kwana a benen shagon. Kowa kuma ya san jirgin Jamus mai nitso ne ya nutsar da ƙanen Sjur a lokacin kaka, ya san Sjur ya taɓa fasa wa Hinrich baki a mashaya a kan haka.

Gaute Moen ne ya fara kiran sunan Hinrich. Shi ne mai shagon gangunan da rumbun gishiri, kuma yayan Ragna matar mamacin. Ya ce shi ya ciyar da karen, shi zai fara cire masa haƙora.

Da gudu na bi su, amma sun riga ni. Sun jawo Hinrich daga bene ta ƙafa, kansa yana buguwa da kowace matakala. Wani ya maka masa sandar kwale-kwale a haƙarƙari har na ji ƙarar karyewa, wasu biyu suka dulmiya kansa a gangar ruwan gishiri suka danne. Sai da na harba bindiga sama kafin suka sake shi. Na ja shi a ƙasa har ɗakin tsaro, jini na bin mu, mata na jifan mu da kawunan kifi.

*

Na aika kan dutse a kira mini Tollak. Tsoho ne maharbi, mai bin sawu. In tunkiya ta ɓace ko mutum ya ɓata a hazo, shi ake nema, in an samu abin da ake nema kuma a manta da shi. Ya iso da tsakar rana, yana tauna taba, ya dubi kwatar da mutane suka tattake, ya dube ni.

"Eilif, saura makaɗa kawai ba ka gayyato sun yi rawa a nan ba."

Na kai shi rumfar kwale-kwale inda muka ajiye gawar. Bai daɗe a kan raunin ba. Ya ce gizago ne, sara biyu, na biyun an yi shi mutumin yana durƙushe. Hannun Sjur na dama ne ya riƙe shi. Ya buɗe yatsun da suka ƙage, ya kai su haske. Tafin hannun da ƙarƙashin farata duk kore ne shar, kamar an shafa masa shuni. Na ce ko gansakukar duwatsu ce. Ya goga da miyau, bai fita ba. Ya sunsuna, ya mayar da hannun a hankali.

A gefen kwata, inda ba a taka ba, ya sami sawu uku masu kyau. Ya tsuguna a kansu har ƙafata ta fara sanyi, sannan ya tambaye ni tsawon Bajamushen. Na ce sai ya sunkuya yake shiga ƙofata.

"To takalmin nasa ne," in ji shi. "Ƙafar ciki ce ba tasa ba. Dubi takun, gajere ne. Dubi bakin takalmin, yana jan ƙasa. Mai shi yana iyo a ciki."

A ɗakin tsaro, Hinrich yana kwance a kan benci yana numfashi da ƙyar. Da guntun yarenmu ya ce takalmansa kullum a bakin ƙofar shago yake barin su, ƙofar kuma ba a kulle ta. Da safe ya same su a jiƙe, ya ɗauka dusa ce ta shigo. Na tambaye shi ko ya tsani Sjur. Ya ce da shi ne aka kashe wa ƙane, da shi ma ya daki wani. Ya roƙe ni kada in bar mabuɗin inda hannu zai kai.

*

Ragna tana zaune a kicin ɗinta, mata sun kewaye ta, Gaute yana tsaye a bayanta da hula da safar hannu, yana karɓar gaisuwa a madadinta. Ta ce Sjur ya dawo jiya da yamma kuncinsa a kumbure, ya ƙi cin abinci, ya ɗauki gatari ya fita. Da ta tambaye shi wa ya mare shi, sai ya ce kyaftin. Gaute ya ce wannan ba komai ba ne, maza a jirgi kullum cikin haka suke, kada mu ɓata lokaci ga mai laifi a hannu. Ragna ta ɗago ta dube shi.

"Yaya, bar su su tambaya."

Muka sami Kyaftin Oddmund a ɗakinsa na jirgi, da kwalba a gabansa. Da na ambaci marin, ya ce ƙwarai ya mare shi, kuma da a teku ne da ya sa an ɗaure shi. Sjur ya zo masa a gaban ma'aikata yana cewa jirgin ya nutse a ruwa fiye da yadda gangunan kifi za su nutsar da shi, shi ba zai tashi ba sai an fasa lodi an duba.

"Ka san ma'anar wannan magana, ɗan sanda? Kwal ɗinmu daga Ingila yake zuwa, gishiri da komar kamun kifi ma da izninsu. Na rantse a gaban wakilinsu cewa babu abin da zai isa Jamus ta hannuna. In suka tare ni a teku suka sami haramtattun kaya, su ja jirgin zuwa tasharsu, kotunsu ta ƙwace kayan, in sun yi yawa ta haɗa da jirgin. Su sa mu a baƙin littafi, ko ƙwayar kwal ba za mu ƙara gani ba. In kuma na ɗauki kayan Ingila, Bajamushe ya taso daga ƙarƙashin ruwa ya aika mu lahira. A tsakani nake tuƙi. Sai yaro ya buɗe baki a kwata, inda kowane kunne na sayarwa ne?"

Tollak ya tambaye shi to me ya ƙara wa jirgin nauyi. Ya ce ƙanƙarar da ta daskare a kan benen jirgin ce. Bai dube mu ba da ya faɗa.

Da muka sauko na ce wa Tollak ni dai na sami mutumina: ga faɗa, ga dalili, ga ƙarya. Ya nuna mini sawun kyaftin a matakalar jirgi, kowane ɗaya kamar faranti. Ya ce wannan ƙafar ko da man shanu ba za ta shiga takalmin Hinrich ba.

*

Washegari da gari ya waye muka fita. Daga kwata babu abin bi, don wanda ya kawo gawar ta bakin ruwa ya biyo, ruwan kuma ya taso ya share. Tollak bai damu ba. Ya bi gaɓa yana duba inda dutse ya tokare ruwa, inda dole mai tafiya ya hau sama. A irin wannan wurin, bayan tsaunin da ke kare garin, muka sami sawun: takalmi mai ƙarfe, da layi biyu na amalanken ƙanƙara da ake ja da hannu. Zuwa gari layukan sun nutse sosai, komawa kuma da ƙyar suka taɓa dusar. Nan da can ɗigon jini ya daskare ya zama baƙi.

Sawun ya kai mu tsohon rumbun gishirin Gaute, wanda aka ce an daina amfani da shi tun kafin yaƙi. An fasa kwaɗon ƙofar da gatari. A ciki an barbaɗa gishiri a ƙasa don a rufe wani abu. Tollak ya share da ƙafa, sai ga jini faɗin tabarma, da gashi manne da katako. A jikin bango ganguna jere, ɗaya an sake ɗaure ta da gaggawa, katakonta ɗaya sabo ne. Na yi ƙoƙarin karkata ta, ko motsi ba ta yi ba. Muka ɓalle murfin. Kifi ne a sama kamar kamu ɗaya. Tollak ya naɗe hannun riga ya zura, ya fito da dunƙulen waya da gutsuren tsohuwar tukunya, ruwa kore yana tsiyaya daga jikinsu.

Tagulla ce. Gwamnatinmu ta hana fitar da ita, Ingila na ƙwace jirgi a kanta, Jamus kuma na biyan ko nawa ne don ta yi harsashi. Ta Sweden ake tsallakar da ita zuwa can. Ta kwana makonni a ruwan gishiri har ta yi wannan koriyar tsatsar.

Na ce rumbun na Gaute ne, mu je mu kama shi. Tollak ya ce rumbun nasa ne, amma mutum goma ke aiki a ƙarƙashinsa, rabinsu gajeru kamarsa, kuma zai rantse Bajamushen ne ya ci amanarsa ya cika gangunan, garin duk zai tsaya masa. Ya dubi nasa hannun, ya goge da dusa, ya goge da gishiri. Koren ya shige cikin tsagar fata ya zauna.

"Sjur ya fasa ganga ɗaya, kayan suka watse. Wani ya tsince su ɗaya bayan ɗaya cikin sauri ya mayar. Tara mini su a shago."

*

Na tara su da rana a shagon ganguna: kyaftin, Gaute da ma'aikatansa, da Hinrich da na tallafo aka zaunar a kan ganga. Ragna ba a kira ta ba, ta zo. Mutanen gari suka cika ƙofa da tagogi. An hura murhu har wurin ya yi zafi, kowa ya cire hula da safar hannu, ban da mutum ɗaya.

Tollak ya juye buhu a kan teburin aiki, tagullar ta zube da ƙara. Kyaftin ya rufe ido. Na tambaye shi ganguna nawa irin wannan ke cikin jirginsa. Ya ce bai sani ba, bai tambaya ba, ya dai lura wasu sai mutum huɗu ke ɗaga su, ya kawar da kai.

Gaute ya yi tsalle ya nuna Hinrich. Ya ce ga shi nan, ɗan leƙen asiri, ya yi amfani da rumbunsa yana tara wa 'yan uwansa ƙarfe, Sjur ya gano shi ya kashe shi. Daga ƙofa aka fara gunaguni, wani ya ce a kawo igiya.

Tollak ya ɗora hannunsa a kan tebur, tafin a sama. Ya ce haka hannun Sjur yake, haka kuma hannun wanda ya kwashe kayan bayan ya sare shi zai kasance, don abin ba ya fita da sabulu. Ya ce kowa ya ɗora nasa. Hinrich ya miƙa, fari tas ban da jinin jiya. Kyaftin ya ɗora. Ma'aikata suka ɗora ɗaya bayan ɗaya.

"Saura kai, Gaute. Ko sanyi kake ji?"

Gaute ya ce hannunsa ya tsattsage ne, ya shafa magani. Ya ce shi ba zai tsaya wani tsohon mai warin dila ya yi masa shari'a a shagonsa ba. Ragna ta tako ta tsaya a gabansa.

"Yaya, cire."

"Koma gida, Ragna."

Ta kama safar ta fizge. Hannun kore ne har wuyan hannu, faratan kamar an tsoma su a fenti, fatar duk ta saluɓe saboda gurza.

Ban ga lokacin da Gaute ya ɗauki gizago ba. Ya ture Ragna ta bugu da murhu, ya kai wa Tollak sara a ka. Tsohon ya kare da hannun hagu, ƙarfen ya datse masa yatsu biyu ya kafe a tebur. Na yi kan Gaute, ya fizge gizagon ya maka mini ƙotar a baki, na ji haƙorana sun zubo a harshe. Ya juya zai sake sara, sai Hinrich, da karyayyun haƙarƙarinsa, ya faɗa masa ta baya ya rungume shi. Suka faɗi cikin tarin katako, Gaute yana dukansa da gwiwar hannu daidai inda ya karye, Hinrich yana aman jini bai sake ba. Kyaftin ne ya ɗauki gudumar katako ya sauke wa Gaute a kafaɗa. Ƙashin ya ba da ƙara, gizagon ya faɗi.

Ina ɗaure shi yana magana, ba da ni ba, da mutanen da ke ƙofa. Ya ce su tambayi kansu da me aka biya su ladan aiki a hunturun nan da kifi ya yi ƙaranci. Ya ce ya roƙi Sjur, ya durƙusa masa, ya ce tafiya ɗaya ce kawai. Sjur ya ce da wannan ƙarfen aka kashe ƙanensa, gobe zai kai wa hukuma. Da Sjur ya juya baya ya sunkuya zai ɗauki wayar tagulla a matsayin shaida, sai ya sare shi.

Ragna ta tashi, goshinta na jini, ta tofa masa miyau a fuska ta fita.

*

Da yamma dattawan gari suka same ni. Suka ce Gaute a kai shi kotu a kan kisa, wannan ba musu. Amma tagullar a zubar da ita a tsakiyar ruwa, a ce faɗan surukai ne. Na je na sami Tollak ana ɗaure masa hannu, na faɗa masa. Ya ce shi ba ɗan sanda ba ne, amma in alƙali ya tambaye shi abin da ya gani zai faɗa, kuma in ba tagulla a maganar, nan da wata guda za a koma cewa Bajamushen ne. Na kai rahoto yadda abin yake.

Gaute ya sami ɗaurin rai da rai. Hinrich ya yi jinya a gidan limamin coci, da ya miƙe ya bi jirgin wasiƙu ya bar garin, babu wanda ya ba shi haƙuri. Wakilin Ingila ya sa Solvind da Rognvik duka a baƙin littafi. Kwal ya yanke. Jiragen kamun kifi suka tsaya a kwata, mutane suka fara ƙona shingen gonakinsu, tsofaffi biyu suka mutu da sanyi. In Tollak ya sauko sayen gari, sai masu kanti su juya baya, yara su jefe shi da ƙanƙara. Ni ma an fasa mini taga sau biyu.

Da bazara ta gabato aka ce za a cire mu daga littafin in Solvind ya yi wa Ingila jigila. Kyaftin Oddmund ya yi lodin katakon da ake tokare ramin haƙar kwal da shi, wanda a wurin Jamus haramtaccen kaya ne, ya tashi da mutum goma sha ɗaya, duk 'yan garinmu. Ba su yi nisa da gaɓarmu ba jirgin Jamus mai nitso ya harbe su.

Bayan kwanaki wani masunci ya hango kwale-kwalen ceto na Solvind kife a wani tsibiri da ba kowa a kansa. Matan garin da suka daina amsa gaisuwar Tollak su suka hau dutse suka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya ɗauki sandarsa ya biyo su. Ni na tuƙa shi a kwale-kwale. A tsibirin ya sami sawu ya bi, mutum uku, ɗaya ba takalmi, ɗaya ana jan sa. Muka same su a wata bukkar ciyawa, sun rungume juna, ƙafafunsu sun yi baƙi, amma da ransu. Kyaftin ba ya cikinsu.

Muna dosar kwata garin duk yana tsaye. Mun lulluɓe mutanen uku a ƙasan kwale-kwale, daga sama ba a ganin fuskokinsu. Wata mata ta ɗaga murya ta ce, "Kawu Tollak, su wa ka samo?"

Ya miƙe tsaye, ya cire hularsa, ya kira sunaye uku a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Mata suka ci gaba da kallon bakinsa suna jiran na huɗu. Ya mayar da hular, ya sunkuya ya kama igiya ya miƙa mini in ɗaure.